Zauren Anti: "Garin da ake yi mana sha'awa ya fi ƙarfin aljihunmu"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ya gida, ya iyali, ya ƙoƙari? Allah ya saka da alheri.

Ni 'yar Zariya ce, shekarata 31. Yau shekara huɗu ke nan ina zaune da maigidana a Banff, wani ɗan mitsitsin gari a tsakiyar duwatsun Roki, a lardin Alberta na ƙasar Kanada. Shi kuku ne a wani otal, ni kuma ina gyaran ɗakunan baƙi a wani otal ɗin daban. Yaronmu ɗaya, ɗan shekara uku, ga kuma ciki wata huɗu. Likita ya ce haihuwa sai Fabrairu in Allah ya kai mu. Takardar zaman dindindin ta fito mana bara, alhamdu lillahi.

Anti, garin nan ya haɗu, ba zan ɓoye ba. Ina buɗe labule da safe sai dutse ya tsaya mini a gaba, kansa fari fat. Duk wanda ya ga hotonmu a Facebook sai ya ce "kun haye." Amma ciki da falo muke haya a kan dalar Kanada 2,150 a wata, shi ɗin ma sai da muka yi wata bakwai a gidan ma'aikata, muna raba kicin da mutum shida, kafin muka same shi. In baƙi sun cika gari, abin da ke shigo mana mu biyu bayan an cire haraji yakan kai dala 5,400. In suka ɗauke ƙafa, wajen Nuwamba da Afrilu, aka rage mana awowi, sai ya faɗo 4,000 da 'yan kai. A cire haya, a cire kuɗin gidan reno, a cire cefane, a cire abin da ake turawa gida. Shekara huɗu muna tashin asuba, abin da muka ajiye bai kai dala 6,000 ba.

Ba mu da mota, don a nan ko'ina da ƙafa ake zuwa. Sau ɗaya a wata muke bin wani abokin aikinsa zuwa birnin Calgary da kula biyu, mu sayo naman halal da manja da garin tuwo. Sallar Idi ma sai can. Duk ƙawar da na yi a wurin aiki, bayan 'yan watanni sai ta tattara ta koma Ostireliya ko wani garin. Rannan yarona ya ji ina waya da Innarmu, ya ce mini da Turanci in daina "wannan maganar." Kwana na yi ina kuka.

Na ce da maigidan mu koma Calgary. Ya ce an yi masa alkawarin ƙarin girma, kar mu saki reshe mu kama ganye. Ya ce mutane na kashe miliyoyi su zo su ga abin da muke gani kyauta. Da na matsa, sai ya ce ba ni da godiyar Allah. Anti, rashin godiya ne? In ba shi ba ne, ta ina zan ɓullo masa?

Ƙanwarki, daga Banff

AMSA

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raba lafiya, ya raya mana yaron nan.

Ba rashin godiya ba ne, mu sauke wannan kayan tukuna. Mace mai ciki da ta zauna ta buga kuɗin haya ta ga bai fita ba, ba butulci ta yi wa Ubangiji ba, lissafi ta yi. Amma shi ma maigidan ba wauta yake ba, zan zo kansa.

Na san garin naku. Shekara tara na yi a Calgary, kuma duk baƙon da ya zo mana daga gida Banff muke kai shi: kilomita kusan 130, tafiyar awa ɗaya da rabi. Shekarar da Hajiyarmu ta zo mini wankan jego, muka ɗauke ta muka shiga akwatin nan mai tafiya a jikin igiyar ƙarfe zuwa ƙololuwar dutsen Sulphur. Tun daga ƙasa har sama idonta a rufe, carbi a hannu, sai salati take. Da muka isa ta buɗe ido, ta ga kogin Bow ya koma kamar zare, gidaje kamar kwalin ashana, sai ta yi shiru, can ta ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan." Muka sauko, muka shiga shan shayi a babban titin garin. Ta tambayi kuɗin kofi ɗaya, na mayar mata da shi naira, ta ture kofin gefe kamar an ce mata da guba a ciki. Ta daɗe tana kallon masu wucewa ta gilashi, kowa da kyamara da jakar goyo. Sai ta juyo ta ce, "To su masu garin ina suke?" A ranar dariya na yi. Daga baya na gane tsohuwar ta hango a zuwa ɗaya abin da ban gani ba a zuwa goma.

Banff ba gari ba ne da mutane suka sare daji suka kafa don su zauna su haifi 'ya'ya su ga jikoki. A cikin gandun dajin gwamnatin tarayya yake, na farko a Kanada, wanda aka fara keɓewa a 1885 saboda wata maɓuɓɓugar ruwan zafi da ma'aikatan jirgin ƙasa suka ci karo da ita, ko da yake 'yan asalin yankin sun daɗe da saninta. Kamfanin jirgin ne ya buɗe katafaren otal ɗin garin, Banff Springs, a 1888, don ya sami fasinja masu kuɗi. Tun ran gini tun ran zane, don baƙo aka yi garin. Filin na gwamnati ne, ko wanda ya sayi gida a can hayar ƙasar yake ta dogon zango. An kuma shata wa garin iyaka, wajen murabba'in kilomita huɗu kacal, ba a ƙara taku ɗaya, don abin da ke bayan layin na namun daji ne. A ƙidayar 2021 mazauna garin 8,300 ne da 'yan kai, masu shiga gandun a shekara kuwa sun haura miliyan huɗu. Ƙasa ba ta ƙaruwa, otal na neman ma'aikata, ma'aikata na neman wurin kwanciya. Kamar neman ɗaki ne a gindin Harami a goman ƙarshe na azumi, sai dai ku taku goman ba ta ƙarewa.

Kin kuma san dokar garin: ba mai zama a Banff sai wanda aikinsa ko sana'arsa ke cikin gandun, da iyalinsa, sai kuma wanda ya yi ritaya bayan shekara biyar a jere yana aiki a wurin. An yi ta ne don kar attajirai su saye garin su mai da shi gidan hutu, ta kuma yi amfani. Amma juya ta ki ga bayanta. Ranar da aiki ya tsaya muku ku biyu, hujjar zamanku ta tsaya. Gidanku a ɗaure yake da aiki, aikin kuma a ɗaure da ƙafar baƙo. A 2020 da korona ta rufe iyakoki, otal-otal suka yi ta sallamar ma'aikata kamar an buɗe wa tumaki ƙofa. A Yulin 2024 gobarar daji ta shiga Jasper, ɗan'uwan Banff da ke arewa, ta cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na gine-ginen garin. Akwai waɗanda suka fita da jaka ɗaya, suka dawo ba gida ba aiki. Ba tsoro nake ba ki ba. So nake ki ga tsadar nan ba ta bana ba ce, ba kuma wadda haƙurin shekara biyu zai sauke ba ce. A jikin garin take.

Ra'ayina, tunda kin tambaya: ku tashi. Mai yara biyu da albashin otal, garin nan ya gama yi masa abin da zai yi masa. Ya ba ku aiki lokacin da ba ku san kowa ba, a nan kuka sami shaidar kun yi aiki a Kanada, a nan takardarku ta fito. Ku gode masa ku yi gaba.

Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma Calgary ɗin da kike gani ranar sayen nama ba ita za ki zauna a ciki ba. Tun wajen 2022 mutane suka yi ta kwararowa daga Toronto da Vancouver suna gudun tsadar can, gwamnatin lardin ma har talla ta yi tana kiransu, haya ta yi tashin gwauron zabi. Kar ki je neman arha, abin da ke can zaɓi ne: birnin mutum sama da miliyan 1.3, unguwanni barkatai, ba dutsen da ya tare shi. Kuɗin da kike zubawa a ciki da falo yanzu, in kin yi yawo da kyau, zai iya kama miki mai ɗaki biyu. Ki lura na ce in kin yi yawo.

Akwai kuma kuɗin da Banff ta ɓoye muku shekara huɗu, wato mota. A Calgary in ba kusa da layin jirgin cikin gari kuka sami gida ba, sai da mota. Ita kuwa mota a Alberta ba sayenta ne aiki ba, inshorar ce, balle ga wanda bai daɗe da lasisin ƙasar ba. Ga tayar hunturu. Ga ruwan ƙanƙara na lokacin zafi, irin wanda a Yunin 2020 ya farfasa motoci da bangon gidaje a arewa maso gabashin birnin. Tawa motar sai ka ce an bi ta da taɓarya. Don haka ki nemi gidan da za ki iya takawa zuwa tasha, a layin da ya bi ta Marlborough, Rundle, Whitehorn har Saddletowne. Yankin nan ne mahautan halal suka fi yawa, nan ne cibiyar Musulunci ta Akram Jomaa take. Kayan miyarmu kuwa, titi na 17 na kudu maso gabas, wajen Forest Lawn, kin ma fi ni sanin shagunan yanzu.

Gidana na farko a can ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne. Taga ɗaya, ba ta fi kamu ɗaya ba, daidai da doron ƙasa. Abin da nake gani ta cikinta takalman masu wucewa ne, in dusar ƙanƙara ta taru kuma sai ta toshe ruf, ƙarfe biyun rana ya koma magariba. Wata biyar na yi na fara jin kamar an binne ni da rai. Ke da kika saba buɗe labule ki ga dutse, kar arha ta ja ki cikin irin wannan ramin da jariri a hannu. In dole sai na ƙasan, ki duba ko yana cikin rajistar hukumar birni ta irin waɗannan ɗakuna, ki kuma tabbata tagar ɗakin kwana ta isa mutum ya fita ta nan in gobara ta tashi, Allah ya kiyaye. Ki tambaya ko wuta da ɗumama gida suna cikin haya, don a watan Janairu wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kuɗin ajiya, dokar Alberta ba ta yarda ya wuce hayar wata ɗaya ba. Amma lardin bai ƙayyade yawan ƙarin haya ba; abin da kawai doka ta ce, ba a ƙari sai sau ɗaya a shekara.

Wani zai ce ku koma Canmore, kilomita 25 kawai, maigida ya riƙa bin bas zuwa aiki. Kar ki ɓata takalminki. Tana wajen gandun, dokar zama ba ta hau kanta ba, shi ya sa nan ne masu kuɗi suka saye gidajen hutun da aka hana su a Banff. Gudun gara ne a faɗa gidan zago. In Calgary ta gagara, Edmonton na nan, kilomita 300 arewa da ita: haya ta fi sauƙi, sanyi ya fi cizo, Musulmi kuma sun daɗe a can, don masallacin Al-Rashid da aka buɗe a 1938 shi ne na farko da aka gina a Kanada.

Yanzu ga inda nake son ki kasa kunne, don cikin nan naki shi ne agogonku. Inshorar ma'aikata ta tarayya, wadda ake cire miki a kowane albashi, tana biyan kuɗin haihuwa na mako 15, kashi 55 cikin 100 na albashi har zuwa wani ƙayyadajjen adadi, sannan na reno ya biyo baya har mako 35, in dai kin tara awa 600 na aiki cikin shekarar da ta gabata. Ke kin wuce haka nesa. Ana iya fara karɓa tun saura mako 12 a haihu, wato a lissafinki wajen ƙarshen Nuwamba, daidai lokacin da dama ake rage muku awowi. Kuɗin nan ba ruwansa da garin da kike, zai bi ki Calgary. Saboda haka kar ki ajiye aiki cikin fushi, kar kuma ki tafi neman sabo da tsohon ciki, don a Alberta sai kin yi kwana 90 a wuri kafin doka ta tilasta a riƙe miki gurbinki in kin tafi haihuwa. Ki ɗauki hutun haihuwa daga inda kike. Wanda zai nemi sabon aiki yanzu maigida ne, shi ma ba zai saki na hannu ba sai na Calgary ya zo a rubuce. Aiki tukuna, sannan gida, sannan motar kaya. Katin asibitinku na lardi ne, yana ci ko'ina a Alberta, amma ki sa likitanki ya tura takardun awonki ga wanda zai karɓe ki a can tun kafin ku ɗaure kaya.

(Masu karatu da ke can da takardar izinin aiki mai ɗauke da sunan kamfani ɗaya, wannan shawarar ba taku ba ce. Ƙanwata takardarta ta dindindin ce. Ku kuwa in kuka bar wurin, ba ku da izinin kama wani aiki sai an sake muku takarda. Ku ga lauya ko mai ba da shawara mai lasisi kafin ku ɗaga ƙafa, ba ɗan'uwa a zauren WhatsApp ba.)

To, sai maigida. Ba dutse yake so ba, ƙanwata. Mutumin da ke shiga kicin da duhu ya fito da duhu, yaushe ya ga dutse? Ki tuna daga inda ya fito. A gida namiji ya ce shi kuku ne, sai an yi masa wani kallo. A kicin ɗin nan kuwa ya yi shekara huɗu, an san hannunsa, sabbin yara na zuwa tambayarsa yadda ake yi, babba na kiransa da suna. Ɗan mutuncin da ya tara a ƙasar mutane ke nan, ke kuma kina ce masa ya bari ya koma inda zai sake zama sabon zuwa mai yankan albasa. Ke "haya" kika ce, shi "ka gaza" ya ji. Shi ya sa ya jefe ki da maganar godiya. Bai kyauta ba, amma tsoro ne ya faɗe ta.

Kar ki tayar da zancen lokacin da ya dawo daga aiki ƙafa na zugi. Ranar hutunsa, ya ci ya ƙoshi, yaro ya yi barci, ki ɗauko takarda da biro. Ba waya ba, takarda. Ki ja layi a tsakiya, nan Banff nan Calgary, ki miƙa masa biron shi ya rubuta. A ɓangaren Banff a sa hayar ɗaki biyu, ba ciki da falon yanzu ba, don mutum huɗu za ku zama. A sa ƙarin girman ma kamar an riga an ba shi. A ce dala uku aka ƙara a awa, awa 160 a wata, dala 480 ke nan kafin haraji. Ya duba da idonsa ko za ta cike tazarar ɗaki ɗaya da ɗaki biyu, in ma an sami ɗakin. A ɓangaren Calgary kuma kar ki yi coge: ki sa mota, ki sa inshora, ki sa kuɗin ajiya, ki sa wata biyu na laluben hanya. In lissafin ya ba shi gaskiya, ki karɓa. Ban zata ba, amma ki zauna da wannan niyyar, zai gan ta a fuskarki.

Alkawarin ƙarin girma kuwa, ya je ya nemi a rubuta masa: wane matsayi, nawa, daga yaushe. In da gaske ne, mako biyu ya isa. In aka fara "bari mu gani bayan Kirsimeti," to ya sami amsarsa ba daga bakinki ba. In ma aka ba shi ba asara, da sabon matsayin zai nemi aiki a birni, inda ban da otal da gidajen abinci akwai kicin ɗin asibitoci da na gidajen kula da tsofaffi, waɗanda ba su san watan da baƙi ke ɗauke ƙafa ba. Akwai kuma shaidar ƙwarewa ta Red Seal da ake karɓa a duk faɗin ƙasar, wadda mai shekaru a kicin zai iya neman zana jarrabawarta. Ki nuna masa ƙofar da zai fita da girmansa a hannu.

Mutanen gida masu cewa kun haye, ki rage musu hoton dutse. Kowane hoto da kika ɗora, buƙata ɗaya ce ke ɗaura takalmi.

Maganar yaron ita ta fi taɓa ni, a kanta kuma zan gaya miki mai ɗaci. Calgary ba za ta koya masa Hausa ba. Na ga yaran da aka haifa a tsakiyar mutanenmu a can, uwa da uba duk Hausawa, ana zuwa suna da walima ba fashi, amma "ina kwana" ta gagare su, har da ɗaya daga cikin nawa, kuma laifina ne. Abin da birni zai yi masa shi ne ya ji wasu manya ban da ke suna "wannan maganar," ya ga sa'anninsa a islamiyya ranar Asabar, ya gane ba wani ciwo ba ne da ke damun uwarsa ita kaɗai. Sauran aikin naku ne a cikin ɗaki, ba kuma sai kun tashi za ku fara ba. In Inna ta sake kira, ki ɗora shi a cinya ki kara masa wayar a kunne, ko "na'am" kawai zai ce.

A rubuto mini in an sauka lafiya.